Jan Ɗigo a Gefen Sunan Baba

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Kwana tara da dawowata gida. Kalma biyu suka rage wa Baba: "ruwa" da "a'a". Likita ya ce haka shanyewar ɓarin jiki take, magana takan dawo a hankali, wani lokaci kuma ba ta dawowa. Da murya ɗaya ya faɗi duka biyun, yana duba agogonsa.

Ciyaman na kulob ɗin ƙwallon garinmu ya zo dubiya da ledar lemo da kuma buƙata. Wata mai zuwa kulob zai cika shekara sittin. Sun gina sabuwar rumfar 'yan kallo, za su sa mata sunan Baba, kuma suna son ƙaramin littafin tarihi da za a raba ranar.

"Dakta, ke kika karanta tarihi har ƙarshensa," in ji shi. "Wa zai rubuta mana in ba 'yar Katanga ba?"

Katanga shi ne Baba a garin nan. Shekara goma sha huɗu yana tsaron raga. Na ce wa Ciyaman bincikena a kan tsofaffin takardun kotu ne. Ya ce ai duk tarihi ne. Mai buga littafi yana son rubutun ranar 27.

Na karɓa. Ina bukatar abin da zan riƙa kallo ban da hannun daman Baba.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na je filin. Rabona da shi tun ina firamare, kuma bai yi amfani da damar ya gyaru ba.

Na samu Sakatare a ɗakin ajiya da ke bayan raga. Shekararsa tamanin da ɗaya, shi ne sakataren kulob tun kafin a haife ni, kuma ba wanda ya tuna an taɓa zaɓensa. Ya ba ni kujera mai ƙafa uku da rabi, ya ba ni tarihi.

Ma'aikatan tashar jirgin ƙasa ne suka kafa kulob ɗin, saboda jirgin yamma ba ya zuwa a kan lokaci, su kuma ba a yarda su tafi gida ba. Turakun raga na farko bututun ruwa ne da suka ɓace daga tashar. Jesin farko labulen ofishin shugaban tasha ne, shi ya sa har yau launinmu wani kore ne da ba a samunsa a kasuwa. Filin yana gangara zuwa gabas, kowa ya sani, don haka kyaftin ɗinmu in ya ci zaɓen gefe yakan ɗauki hawa a zagayen farko, ya bar wa baƙi hawan bayan sun gaji. Sakatare ya kira wannan dabarar koci. Na ce sunanta tudu.

Shekara sittin a rukuni na can ƙasa, ban da guda ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce mun ci wasan ƙarshe na hawa rukuni, ɗaya da nema, bayan Baba ya kaɗe fenariti a minti na tamanin da takwas. Muka hau, muka sha kashi shekara guda, muka dawo. Kofin yana nan a kabad, an rufe shi da tawul.

Wato duk littafin minti ɗaya ne. Sauran shafukan rakiya.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Mai gashin ƙashi ta zo. Hannun bai motsa ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Sakatare ya ba ni aron littattafansa, guda goma sha bakwai, bayan na yi alkawarin ba zan ci abinci kusa da su ba. Kowane wasa yana ciki: rana, abokan karawa, sunayen sha ɗaya, wanda ya ci, har da yanayin sama. Na yi aiki a ɗakunan adana takardu na gwamnati da ba su kai shi tsari ba.

Amma akwai abubuwan mamaki. Wani ɗan baya ya buga wasa ashirin da uku bayan shafin da aka rubuta ta'aziyyarsa. Wani ɗan gaba ya ci ƙwallo biyu a makon da aka rubuta an yi masa aiki a gwiwa. Kuma nan da can, a gefen wasu sunaye, akwai ɗan ɗigo da jan biro.

Na karanta wa Baba labarin mamacin da ke buga baya. Ya ce a'a. Da na tambaye shi ko a buɗe taga ma a'a ya ce, don haka ban sa shi cikin majiyoyi ba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Na tambayi Sakatare jan ɗigon. Ya ji daɗin tambayar, har ya gyara zama.

A zamanin, in ji shi, hukumar gasa tana buɗe rajistar 'yan wasa sau ɗaya a shekara, kowa da katinsa mai hoto. Kulob irin namu yakan yi kati goma sha shida. Kafin tsakiyar kaka wani ya yi aure, wani an yi masa canjin wurin aiki, wani ya karye. Sai a nemo mai ƙafa a gari a ba shi katin wanda ba ya nan. Hotunan ƙanana ne, baƙi da fari, kuma alƙalin wasa yana duba su ne a rana da gumi a idonsa.

"To wannan ai ha'inci ne, Baba Sakatare."

"Ha'inci shi ne ka sa wanda ya fi ƙarfin rukunin. Mu waɗanda muke sawa ko rukunin ba su kai ba."

Amma shi mutum ne mai tsoron Allah, ba zai rubuta ƙarya tsirara ba. Duk sunan da aka buga da katinsa alhali ba shi ba ne, sai ya ɗiga masa ja. Sunan wanda ya buga na gaskiya kuwa ba ya rubutawa, don kada littafin ya faɗa hannun hukuma.

Na yi dariya sosai. Na ce wannan babi guda ne. Sai na ga ya daina murmushi, yana kallon jakata. Ya ce ko zan dawo masa da littafi na shida, akwai abin da yake son dubawa. Na ce gobe.

Litinin ɗin dai, ƙarfe 7 da rabi

Littafi na shida, shafi na 88. Wasan hawa rukuni. Sunan Baba ne na farko, kamar kowane gola.

Na sa shafin a ƙarƙashin fitila. Na goga ɗigon da ke gefen sunan da yatsa ko ƙura ce.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Ba ƙura ba ce.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya: majiya guda ba hujja ba ce. Na ɗauko hoton da ke rataye a falonmu tun ina jaririya, na 'yan wasa da kofi. Ban taɓa kallonsa ba, ganinsa kawai nake yi. Gola yana can ƙarshen layi, ya ja hular rana har kan hanci, ya juya kai kamar an kira shi daga baya. Mutumin da ya ci wa gari wasa, kuma shi kaɗai ne ba ya son kyamara.

Na ji labarin fenaritin nan daga bakin Baba ya fi sau ɗari. Yadda ya kalli idon mai bugun, ya karanci niyyarsa, ya tashi sama. Baƙi sukan zo musamman don su ji. Yanzu da nake tunawa, duk lokacin da ya fara, Umma takan tuna ta bar wani abu a wuta.

Na mayar da hoton. Ya bar farin murabba'i a bango, dole a rufe.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Na tsare Umma a kicin tana daka magungunan Baba a turmin ƙarfe, tunda ba ya iya haɗiye ƙwaya.

"Umma, ranar wasan kofi kina ina?"

"Ina zan kasance? Ina gida da cikinki wata takwas."

"Baba fa?"

Ta ci gaba da daka abin da ya riga ya zama gari.

"Ke dai tun kina yarinya ba a ajiye abu a rufe ki bar shi."

"An biya min makaranta don in ƙware."

Ta ajiye taɓaryar. Ta ce mako biyu kafin wasan Baba ya yi karo da wani ɗan gaba, yaron ya karye a wuri biyu, Baba ya ji ƙarar ƙashin. Daga ranar bai ƙara barci daidai ba. Ranar wasan ya sa kayansa tsaf, har safar hannu, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya shiga ɗaki ya sa sakata.

"Wannan ɗakin da yake kwance. Ya kasa fita, shi ke nan. Kada ki tambaye ni dalili, ni ma ban tambaya ba."

"To wa ya buga?"

"Wa ya yi kama da shi?"

Baffa. Ƙanin Baba, mai gyaran agogo a gefen gidan waya. Tunda na yi wayo ban taɓa ganinsa zaune a gidanmu ba. Yakan zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaisa, ya tafi. Da Baba ya kwanta ma matarsa ya turo. Na ɗauka rigimar gado ce kamar ta kowane gida, ban taɓa tambaya ba. Ni da nake rage wa ɗalibai maki saboda rashin tambaya.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Shagon Baffa bai fi kabad girma ba. Agogo arba'in a bango, kowanne da ra'ayinsa. Na same shi da gilashin ido ɗaya, yana ɗaukar wani ƙaramin ƙarfe da hantsaki. Na tsaya ina kallon hannunsa. Ko kaɗan ba ya rawa.

"Uwata, agogonki ne ya tsaya ko hanya kika ɓata?"

Uwata yake ce min. Na ajiye masa littafi na shida a buɗe. Ya kalli shafin da gilashin a idonsa, ya daɗe.

"Tsohon nan da jan bironsa. Na ce masa wata rana zai kashe mutum."

"Kai ne, Baffa?"

"Katin wa ke nan? Na Yaya. To Yaya ne ya kama. Haka dokar take."

"Ba doka na tambaya ba."

Ya cire gilashin. Shekararsa goma sha tara lokacin, bai yi rajista ba, ana cewa baɗi za a yi masa. Koci ya zo gida neman Baba, ya samu ƙofa a rufe, ya juya ya ga Baffa yana wanke keke. Aka miƙo kayan ta taga.

Na ce to baɗin fa?

"Wane baɗi? Mutum dubu uku sun ga fuskata, har da alƙalin wasa da mutanen hukuma. In na fito da katina da hotona, wani ya ce af, wannan ai shi ne na ranar nan, sai a karɓe kofin. Aka ce in ɗan dakata shekara biyu a manta." Ya ɗaga kafaɗa. "Ina nan ina dakatawa."

Bai ƙara taka filin ba, ko kallo. Baba kuwa ya koma raga bayan wata ɗaya, ya yi shekara tara yana karɓar gaisuwa.

Na tambaye shi ko ya fi Baba iyawa. Ya ce in miƙo masa agogon hannuna, yana jin ƙararsa daga nan, minti biyu yake baya. Ya gyara bai karɓi komai ba. Da zan tafi ya ce, "Ki rubuta yadda kowa ya sani. Mutum yana kwance."

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Na aske wa Baba gemu. Ya rufe ido ya miƙa min wuya. Ban ji haushinsa ba, na duba sosai ban samu ba. Abin da nake son sani kawai: me mutum yake gani a ransa in yana ba da labarin abin da bai gani ba, sau ɗari?

Talata, 19 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Na je wurin Ciyaman a shagonsa na kayan gini. Na fara da cewa akwai wani batu game da shafi na 88. Ya tura yaran shagon waje kafin in ƙarasa, wato ya sani. Ina jin duk wanda ya haura sittin a garin nan ya sani. Sirri ne da mutum ɗari biyar suke riƙe da shi, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

"Dakta, littafin biki muka ce, ba rahoton kwamitin bincike ba."

"Ranka ya daɗe, kai ka ce duk tarihi ne."

"Kofi ɗaya gare mu. Ɗaya. Mutanen garin da muka doke har yau suna cewa alƙali muka saya. Ki ba su wannan, sai mun bar zuwa kasuwarsu." Ya sassauta murya. "Kuma ki yi tunani. In ya fito, kwamiti ba zai iya sa sunan babanki a rumfar ba. An riga an yanka allon. Ke za ki cire wa mahaifinki suna yana kwance?"

Na ce zan yi tunani. Ya ba ni kalandar shagonsa.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na rubuta babin sau biyu, ɗaya da sunan Baba, ɗaya da na Baffa. Na Baba ya fi daɗin karatu. Ya sha gyara shekara arba'in.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Hannun bai motsa ba. Mai gashin ƙashi ta daina cewa "sai a hankali".

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na shirya aika na Baba. Na gaya wa kaina ƙaramin littafin biki ne, ba wanda zai kafa hujja da shi. Na zauna gefen gado in karanta masa, a matsayin kyauta.

Ina kaiwa "ya kalli idon mai bugun" ya ce a'a. Na ci gaba. A'a. Na ba shi ruwa, ya kau da kai. Ya miƙa hannun hagu ya jawo littafi na shida daga cinyata, ya yi ta fama da shafukan har na buɗe masa. Ya ɗora yatsa a kan ɗigon. Ba a kan sunansa ba, a kan ɗigon. Sannan ya kalli ƙofa.

"Umma kake so?"

"A'a."

"Sakatare?"

"A'a."

"Baffa?"

Ya yi shiru. Tunda ya kwanta ban taɓa yi masa tambaya ya yi shiru ba.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Baffa ya ce yana da aiki. Na zauna a shagon na ce zan jira. Bayan awa biyu da kallon da nake yi wa ɗaliban da ba su yi aikin gida ba, ya rufe shagon ya biyo ni.

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin kamar kullum. "Yaya, ya jiki?" Baba ya buga katifa da hannun hagu. Ya sake bugawa. Umma ta tura Baffa daga baya da tire, ya shiga don kada shayi ya zube masa.

Baba ya nuna shafin, ya nuna bakin Baffa. Mun ɗauki lokaci kafin mu gane. So yake a ba shi labarin. Bai taɓa ji daga wanda ya yi ba.

"Haba Yaya, kai da ka fi ni iya ba da shi."

Baba ya sake nuna bakin Baffa.

Baffa ya fara a zaune, yana magana da ƙasa. Kafin ya kai hutun rabin lokaci ya miƙe. Takalman Baba sun yi masa yawa, ya cusa jarida. Hular tana rufe masa ido. Da aka busa fenaritin yana ta kai-komo a kan layi har ɗan bayanmu ya ce masa ya tsaya cak, ana kallo.

"Kai kullum kana cewa ka karanci idonsa. Wane ido? Ban ga ko fuskarsa ba. Na yi niyyar faɗawa dama. Ragar gabas ce, ba mu ci zaɓen gefe ba, ka san gangaren nan. Na taka, takalminka ya zame, na faɗi hagu kamar buhu. Ƙwallon ta same ni a kunne. Kwana uku ba na ji da shi."

Wani sauti ya fito daga Baba. Umma ta zabura, ta ɗauka shaƙewa ce. Dariya ce, da rabin fuska, har da hawaye a ido ɗaya. Baffa ya tsaya da hannu a kunne yana kallonsa, sannan shi ma ya fashe.

Da suka lafa, Baffa ya ce, "To ka ji. Yanzu a bar shi yadda yake."

"A'a."

"Za su cire sunanka daga rumfar, Yaya. Ni me zan yi da shi yanzu? Gola mai shekara sittin?"

Baba ya zare biron daga hannuna. Ya jawo takardar da na karanta masa jiya, ya nemi sunansa, ya ja layi a kai. Layin ya karkace, ya haɗa da rabin sunan kyaftin. Ya sake ja har takardar ta huje.

"Ko soke suna bai iya da hagu ba," in ji Baffa. Ya ciro ƙyallen goge agogo ya juya yana kallon taga.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Na kai rubutun, da labarin katin aro da zamewar da kunnen, duka. Mai buga littafi ya karanta shafin a tsaye, ya ce, "Hajiya, nan akwai kuskure. Katanga ne ya kama, babana yana wurin." Na ce ya tambayi babansa. Na ce ya buga littafin yadda yake.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Kwamiti ya zauna jiya. Ba su hana littafin ba, saboda Sakatare ya ce in an taɓa shi zai karanta dukkan jajayen ɗigo a lasifika ranar bikin, kuma uku daga cikin 'yan kwamitin suna da ɗigo. Amma sun janye sunan. Rumfar za ta zauna ba suna har a ga yadda gari zai ɗauka. Ciyaman bai aiko a karɓi kalandarsa ba, amma ni na ji kamar ya kamata in mayar.

Na gaya wa Baba ba tare da kwana ba. Ya daɗe yana kallon silin. Ba zan rubuta cewa bai ji zafi ba, na ga fuskarsa.

Baffa ya zo ƙarfe huɗu, ya wuce ciki kai tsaye, ya ja kujera. Ina jin su daga nan. Yana lissafa wa Baba ƙwallayen da suka wuce ta tsakanin ƙafafunsa a shekarar da muka hau rukuni, ɗaya bayan ɗaya, da sunan garin da minti. Ashe yana bin kowane wasa a rediyon shago. Sun kai ta goma sha ɗaya. Baba yana cewa a'a, Baffa yana cewa a ɗauko littafin Sakatare.